Wutar Rana A Gona: A Yi Lissafi Kafin A Kai Hatsi Kasuwa

Kowa ya bi hanyar da ta tashi daga Rano ta nufi Kibiya, ko kuwa ya gangara Rurum wajen ruwan Tiga a cikin rani, zai ga wani abin da ba a saba gani ba a da, watau waɗansu baƙaƙen faranti masu ƙyalli kamar madubi. Waɗansu suna kan rufin kwano, waɗansu an jingine su a jikin bukkar gona, waɗansu kuwa an ɗaure su a kan kura ko amalanke, a tura su fadama da safe, a komo da su gida da almuru don tsoron ɓarayi. Har a rugagen Fulani akan tarar da ɗan ƙarami a shimfiɗe bisa bukka yana cajin wayar hannu. Waɗannan su ne farantan sola, masu juya hasken rana ya zama wutar lantarki.

Dalilin yawaitarsu ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Mai noman rani da ke ban ruwa da inji shi ya fara ji a jikinsa. A ɗaya gefen kuma kuɗin farantin ya yi ta faɗuwa a kasuwar duniya, har ya ragu da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, saboda yawan ƙera shi da ake yi a ƙasar Sin. Abin da aka fara gwadawa a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka a 1954, yana kama kashi 6 kacal cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, yau ga shi a kasuwar Sabon Gari ta Kano yana kama wajen kashi 20.

To, amma akwai wata asara da ke bin manoma a ɓoye. Mutum ya sayar da buhunan masara ko ɗan bijiminsa, ya sayo faranti da batir, ya yi wata uku yana murna. Daga nan sai wuta ta fara ɗaukewa da tsakar dare, sa'an nan ta koma ɗaukewa bayan lisha, kafin shekara ta zagayo batirin ya mutu murus. Sai ya ce ai sola ƙarya ce. Galibi kuwa ba laifin sola ba ne, kayan ne ba a auna su da aikin da za su yi ba. Shi ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, mai kanti kuma ya sayar masa da abin da ke cikin kantinsa, babu wanda ya ɗauki alƙalami a cikinsu.

A Ostareliya da Amurka da Afirka ta Kudu akwai masu yawon daji da ke jan wani ɗan ɗaki mai taya a bayan mota, da gado da fitila da firji a ciki, su yi mako guda inda babu turken lantarki ko ɗaya. Su don shaƙatawa suke yi, manomin Rano kuwa don neman abinci, amma matsalarsu ɗaya ce: wuri ƙanƙane, kaya masu nauyi da za a riƙa ja, kuma ba wutar da za a samu sai wadda aka tara da rana. Lissafin da suke yi kafin su sayi kaya shi ne ya kamaci mai bukkar gona, kuma bai fi ƙarfin wanda ya iya lissafin mudu da buhu ba.

Faranti gona ne, batir rumbu

Kafin a shiga lissafi sai an san ma'auni uku da ake rubutawa a jikin kayan. Na farko shi ne wat, ana nuna shi da harafin W. Wat shi ne ƙarfin cin wuta ko ba da wuta a lokaci guda, kamar kaurin ruwan da ke fita daga bakin tiyo. In aka ninka wat da yawan awoyin da abu ya yi yana aiki, sai a sami wat-awa, watau jimlar wutar da aka ci, kamar yawan ruwan da ya taru a randa. Ƙwan fitila mai wat 5 in ya yi awa 5 a kunne ya ci wat-awa 25. Na biyu shi ne bolt, harafin V, yawancin batiran da manoma ke saye kuwa masu bolt 12 ne. Na uku shi ne Ah, ma'aunin girman cikin batir. In aka ninka Ah da bolt sai a san wat-awa nawa batir ke ɗauka. Batir mai bolt 12 da Ah 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200.

Faranti shi ne gonar da ke ba da amfani kullum rana ta fito. Batir kuwa rumbu ne kawai, ba ya haifar da ko ƙwaya ɗaya, abin da aka zuba masa shi ake ɗiba. Wanda ya sayi ƙaton batir da ɗan mitsitsin faranti ya yi kamar mai gina rumbu uku a kan gonar da ba ta cika ɗaya. Wannan kuskure shi ya fi yawa, domin ido ya fi ganin girman batir.

A fara da abin da za a ci

A ce ga wani manomi daga Saji ko Tarai da zai tare a bukkarsa ta fadama shi da 'ya'yansa biyu da ɗan ƙodago, tun daga dashen tumatir har ɗiba. Abin da zai fara yi shi ne ya rubuta duk abin da zai jona, da wat ɗinsa, da awoyinsa. Ƙwai uku masu wat 5, awa 5 kowane dare, wat-awa 75 ke nan. Fitila ɗaya mai wat 10 a ƙofar bukka don tsaro, daga magariba zuwa asuba, a ce awa 10, wat-awa 100. Wayoyin hannu huɗu manya, kowace tana shan wajen 20 kafin ta cika, 80 ke nan. Rediyo mai wat 5, awa 5, ya ci 25. Ƙaramar fanka mai aiki da batir, wat 15, awa 8 a daren bazara, 120. Sai batirin injin feshi na goyo, wanda yawancinsa bolt 12 ne da Ah 8, a ba shi 100. Jimla wat-awa 500 a yini.

A lura babu dutsen guga a cikin wannan jeri, babu hita. Dutsen guga yana cin wajen wat 1,000, watau gugar awa ɗaya ta cinye abincin bukkar nan na kwana biyu. Duk abin da aikinsa zafafawa ne, a bar shi ga gawayi. Yara matasa su ne masu wannan ɓarna, a gaya musu tun da wuri.

Ba duk wutar da faranti ya kama ke isa ga fitila ba. Wata tana ɓacewa a cikin waya, wata a cikin batir wajen shiga da fita, wata kuma zafi da ƙura ke cinye ta. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, farantin yana da sanyin digiri 25. A watan Afrilu a ƙasar Rano, in rana ta take, jikin faranti yakan wuce digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mutane da yawa suna zaton zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. Saboda haka a ƙara kashi 30 cikin ɗari a kan jimlar, 500 ta zama 650.

Sa'an nan a raba da awoyin rana. Nan ma akwai wurin tuntuɓe. Rana tana yin wajen awa 12 a sama, amma hasken hantsi da na la'asar ba su kai na tsakar rana ba. In aka tattara hasken yini duka aka mai da shi cikakken haske, a ƙasar Kano yakan tashi awa 5 zuwa 6, ƙasar nan kuwa tana cikin masu rabo a duniya wajen wannan. Amma ba a yi wa gida tanadi da watan kaka, da watan yunwa ake yi. A marka, cikin Agusta, akan yi kwanaki a jere sama a lulluɓe, a hunturu kuma hazo yakan tare rana ta koma kamar farin wata. Don haka a raba da 4. 650 a raba 4 ya ba da 162 da ɗoriya. Watau mafi ƙanƙantar farantin da zai riƙe bukkar nan shi ne mai wat 200, tun da ba a cika samun mai 162 ba.

Rabin rumbu iri ne

Yanzu sai batir. Ana so ya riƙe bukka kwana biyu ko da rana ba ta fito sosai ba, wat-awa 1,000 ke nan. Amma batirin dalma, irin mai ruwa da irin wanda aka liƙe bakinsa, wanda wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙago tun 1859, yana da wata ɗabi'a: in ana kwashe shi ƙarƙaf kullum, ba ya daɗewa. Ƙa'ida ita ce kada a ci fiye da rabinsa, sauran rabin a ɗauke shi kamar irin shuka da ba a taɓawa ko yunwa ta yi tsanani. Ke nan mai son 1,000 sai ya nemi mai ɗaukar 2,000. A raba 2,000 da bolt 12, a sami Ah 167. Sai a sayi mai Ah 200.

A nan ne ya kamata a koma a sake duban farantin. Mai wat 200, bayan an cire asara, a ranar hazo zai ba da wajen wat-awa 600, bukka ta ci 500, saura 100. In batirin ya riga ya sauka rabi saboda kwana biyu na hadari, yaushe rarar 100 za ta cike ramin 1,000? Sai kwana goma. Batirin dalma kuwa in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan cikinsa, ya ƙi narkewa, cikin batirin ya yi ta tsukewa har mai Ah 200 ya koma kamar mai 50. Wannan ita ce cutar da ke kashe yawancin batiran ƙauye. Maganinta a ƙara gona: a sa wat 300 maimakon 200. Faranti ya fi batir araha nesa, kuma mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, batirin dalma kuwa in ya yi uku ko huɗu a zafin ƙasar nan ya yi ƙoƙari. In kuɗi ya gaza, gara a rage batir a rage fanka, da a rage faranti.

Batirin mota ba na wannan aiki ba ne, ko da yake shi ya fi sauƙin samu a tasha. An yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa kaɗan ya ta da inji, nan take kuma injin ya mayar masa. In aka sa shi aikin dare duka, watanni kaɗan zai yi.

Akwai kuma batirin litiyam, musamman irin da ake rubuta wa LiFePO4. Shi ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da ya lalace ba, saboda haka mai Ah 100 zai yi aikin da na dalma mai Ah 200 ke yi. Yana jure caji da saukewa sau dubbai, na dalma kuwa ɗaruruwa. Ga mai jan kaya a kura akwai wani abin dubawa: na dalma mai Ah 200 yana da nauyin wajen kilo 60, ya fi buhun taki, na litiyam mai Ah 100 kuwa bai fi kilo 13 ba. Tsadarsa ce matsala ran saye. Amma wanda zai iya, in ya raba kuɗin da shekarun da zai yi, zai ga ba shi ne mai tsadar ba. Sai dai a kiyayi na kwance, waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa musu sabuwar riga.

Ɗan akwatin da ake rainawa

Tsakanin faranti da batir akwai wani ɗan akwati da ake kira kwantirola. Shi ne mai tsaron ƙofar rumbu: in batir ya cika ya tsai da wuta kada ya tafasa, in ya sauka ƙwarai ya yanke fitilu kada a kwashe iri. Waɗansu don tsimi sukan jona faranti kai tsaye da batir. Ruwan batirin sai ya ƙone, ya kumbura, kuɗin da aka yi tsimi kuwa bai kai ushirin abin da aka rasa ba. Waɗansu kuma in kwantirola ta yanke wuta da dare sai su zagaye ta, su maƙala waya a kan batir. Ita kuwa gaskiya ta faɗa.

Iri biyu ne a kasuwa, mai PWM da mai MPPT, kuma a nan akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Manyan faranti na wat 300 zuwa sama yawancinsu suna fitar da bolt 30 zuwa 40 ne, an yi su don manyan gidaje. Kwantirola mai PWM, wadda ita ce mai araha, ba ta iya juya rarar bolt ta zama caji, sai ta janyo farantin ƙasa zuwa bolt ɗin batir. Farantin wat 300 a kan batir mai bolt 12 ta hanyar PWM ba zai ba da fiye da wajen wat 120 ba. An biya kuɗin 300, ana cin ƙasa da rabi, mai shi kuwa bai sani ba. Mafita biyu ce. Ko a sayi mai MPPT, wadda ke juya rarar, ko kuwa a sayi faranti biyu masu wat 150 waɗanda aka rubuta wa wajen bolt 18 a baya, a haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, su yi daidai da PWM. Ga mai kura faranti biyu ƙanana sun ma fi sauƙin ɗauka. Girman kwantirola kuwa, a raba wat 300 da bolt 12, a sami 25, sai a sayi mai lamba 30A.

Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola, sa'an nan faranti, wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. A sa fiyus a jan waya dab da kan batir, domin batir in wayoyinsa suka haɗu yana iya narkar da ƙarfe, bukkar kara kuwa ba ta jiran a ɗebo ruwa. Waya ta zama ta jan ƙarfe, mai kauri, milimita 4 ko 6, kuma gajera. Siririyar wayar rediyo mai tsawon taku ashirin tana shan rabonta kafin wuta ta isa. In ana iya samun ƙwai da fanka masu aiki da bolt 12 kai tsaye, a bar inbata, domin ita kanta tana cin wuta muddin tana kunne ko ba a jona mata kome ba.

Ban ruwa lissafinsa dabam

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke bi ta Ruwan Kanya ya gangara Kadawa da Kura da Bunkure. Wanda gonarsa ke ƙarƙashin kwata, ruwa na zo masa da ƙafarsa. Amma mai gona a tudu da mai fadama a ƙasar Kibiya sai sun ɗaga ruwa, daga rafi ko rijiya, su ne kuwa suka fi tambaya a kan famfon sola.

Eka ɗaya ta tumatir ko albasa a tsakiyar rani tana shan wajen lita 24,000 a yini. In aka haɗa da wanda ke nutsewa a hanya kafin ya kai fangali, a ce 40,000, watau duro 200. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 10 yana bukatar wat-awa 27 in da famfo ba ya asara, amma ƙananan famfuna ba su cika kai rabi ba, don haka a sa 60. A ninka 60 sau 40, a sami 2,400. A ƙara kashi 30 cikin ɗari kamar dā, ya zama 3,120. Da yake aikin na rani ne, a raba da awa 5, a sami 624. Faranti biyu masu wat 350 sun isa. Mita 10 ɗin nan kuwa ba zurfin rijiya kaɗai ba ne, har da hawan da ruwa zai yi zuwa kan gona da jan da tiyo ke yi masa. In ruwan yana mita 30, kome sai a ninka shi uku. Shinkafa kuma ba ta cikin wannan lissafi, shanta ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Kada a sa batir a aikin ban ruwa. Wutar yini ɗaya ta famfon nan sai batiran dalma biyu masu Ah 200, kuma kullum za a sauke su. Famfon da aka yi don sola yana da tasa kwantirola, yana tashi da hantsi, ya yi ƙarfi da azahar, ya lafa da la'asar. In ana son ajiya, a ajiye ruwa a tanki ko a haƙa tafki a wuri mai tudu, ruwa ba ya mutuwa kamar batir.

Abu biyu za a duba kafin a biya. Na ɗaya, ko rijiyar za ta iya ba da duro 30 a awa ɗaya ba ta ƙafe ba, domin famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi. Na biyu, famfon da ke zaune a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8 kome ƙarfinsa, in ya wuce haka sai irin wanda ake zurawa ciki. Sa'an nan manomi ya san halin aikin zai sake. Injin fetur yana kwararo ruwa a gama eka cikin 'yan awoyi, na sola kuwa a hankali yake yi yini duka, saboda haka sai a kasa gona kashi kashi, kowace rana da fangalanta. Wanda ke son ya san ko cinikin zai fisshe shi ya duba man da yake ƙonawa. Ƙaramin inji yana shan wajen lita ɗaya a awa. Awa 10 a mako, mako 16, lita 160 ke nan, in an sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 160,000 a rani ɗaya ban da baƙin mai da gyara. Ya gwada wannan da kuɗin da mai kanti ya faɗa masa.

A kanti da a gona

Ba kowace lamba da aka manna a jikin kaya ce gaskiya ba. Akwai gwaji mai sauƙi. Faranti mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya galibi ba ya wuce wajen wat 200 zuwa 220. Mai wat 300 na gaske ya kai tsayin mutum zuwa kafaɗa, da faɗin wajen mita ɗaya. In an nuna wa mutum wanda bai fi faifai biyu ba an rubuta 300, ya yi sallama ya fita. Batirin dalma kuma nauyinsa ne shaidarsa, mai Ah 100 yakan kai wajen kilo 30, in yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya to dalmar ba ta cika ba. Mai zuwa Sabon Gari ya tafi da takardar lissafinsa, in da hali ya nuna wa malamin gona na KNARDA ko wani mai aikin lantarki da ya amince da shi tun kafin ya hau mota.

Rano tana wajen digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Farantin da aka kafa wuri ɗaya sai ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗe, digiri 12 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan ɗan karkata arewa da tsakar rana, saboda haka kada a tsai da shi da yawa. Mai kura yana da wata riba a nan: in ya juya ta gabas da hantsi, ya daidaita ta da azahar, ya mai da ta yamma da la'asar, zai ƙara wajen kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da kafaffe ke samu. Amma ya shimfiɗa tsohuwar taya ko buhu a ƙarƙashi, domin girgizar hanyar gona tana tsattsaga ƙwayoyin ciki tsagar da ido ba ya gani. Kada a taka shi, kada a ɗora masa buhu, kuma a ɗaure shi tamau in iskar farkon damina ta taso.

Inuwa mugun abu ce gare shi. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar fangalan da ke shan ruwa ta kwata ɗaya, in an toshe ɗaya na bayansa duk sun rasa. Reshen ɗorawa ko na darbejiya, ko kashin tsuntsu da ya bushe a kan ƙwaya ɗaya, ya isa ya rage kashi mai yawa. A hunturu a share shi da tsumma mai laushi da ruwa kowane kwana biyu ko uku, da sassafe tun bai yi zafi ba. Batir kuwa akasin haka yake so: inuwa, da iska, a kan katako. Duk ƙarin zafin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Mai ruwa a riƙa duba shi kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya, kuma kada a kusance shi da fitilar kwano ko taba yana caji, domin iskar da ke fita daga cikinsa tana kamawa.

Ƙaramar mita ta auna bolt ba ta da tsada, ta kuwa fi duk wani zato. Da asuba, an kashe kome, rana ba ta fito ba, batirin dalma mai 12.7 cike yake, mai 12.2 ya kai rabi. In kullum asuba ana ganin ƙasa da 12, to ana cin iri, sai a rage kaya ko a ƙara faranti tun batirin bai tafi ba.

In ya mutu kuma, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a bar yara su yi wasa da dalmarsa. A Thiaroye, a bakin birnin Dakar na Sanagal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batiran da ake fasawa a unguwarsu. A mayar wa dillali shi a rufe yadda yake, yakan ma rage wa mutum kuɗin sabo.

Idan ruwa ya sauka aka tashi daga fadama, kada a jefa batir a ɗaki a manta da shi har kaka, domin ko ba a jona masa kome ba yana tsiyaya a hankali. A kafa farantin a tsakar gida, a bar shi a jone da kwantirola, iyali su sami fitila, shi kuma ya riƙa cika kullum har lokacin yafa irin tumatir ya zagayo.